Notin babur: sabo na shago, na hannu, ko na masu notuna zalla?

Duk mai babur ya san wannan ƙarar. Kana cikin tafiya sai ka ji wani "ƙal-ƙal-ƙal" a ƙasa, ka tsaya ka leƙa, ka tarar salansa na lilo saboda noti ɗaya ya gudu. Abin da ya faɗi bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, amma shi zai sa ka wuni a gareji. Kuma tun daga 2023, da aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, kayan babur suka yi tashin gwauron zabo, har ƙananan abubuwa irin su noti da washa sun zama abin da mutum ke tsayawa ya taya. A da bakanike na ɗebo su daga gwangwaninsa ya ɗaura maka kyauta. Yanzu sai ya ce ka ba yaro kuɗi ya sayo.

A gareji komai noti ne, da mai kan da mai ramin. Don kada mu ruɗe, zan kira dogon mai kai da zare "bol", in bar "noti" ga mai ramin da ke hawa kansa.

Ni na koyi darasina ne a kan bol ɗin da ke riƙe da inji. Babur ɗina Boxer ne, na kai shi wani gareji a gefen hanya saboda bol ɗin baya na inji ya yi sako-sako, notinsa ya ɓace. Mai garejin ya aika yaro shagon kayan gini da ke tsallake, ya dawo da wani dogon bol fari tas mai walƙiya. Na ce, "Oga, anya wannan zai riƙe inji?" Ya ce, "Haba Malam, ƙarfe ai ƙarfe ne. Wannan ma ya fi na kamfani kauri." Ya ɗaure, ya sa faif a bakin sufana ya danna da ƙafa. Ban yi sati uku ba babur ya fara karkarwa a hannu. Da aka kwance, bol ɗin ya lanƙwashe kamar baka, tsakiyarsa ya sirance, ramin da ke jikin firam kuma ya fara zama ƙwai maimakon da'ira. Kuɗin da na biya mai walda ya cike ramin a sake huda shi ya isa in sayi bol na kirki goma.

Ƙarfe ba ƙarfe ba ne, kuma a kan bol ɗin ake rubuta bambancin. Ɗauki guda ka goge kansa da yatsa, za ka ga lamba: 4.6, 4.8, 8.8, 10.9, wani lokaci 12.9. Lambar da ke kafin ɗigo tana gaya maka ƙarfin da zai ɗauka kafin ya tsinke, ta bayan ɗigon kuma tana nuna kashi nawa na wannan ƙarfin zai jure kafin ya fara miƙewa ya ƙi komawa. A aikace, bol mai kaurin milimita 8 da aka rubuta wa 8.8 sai an ja shi da nauyin da ya kusa tan uku kafin ya tsinke. Ɗan'uwansa mai 4.6, kauri ɗaya, tsawo ɗaya, a wajen tan ɗaya da rabi zai rabu, kuma tun kafin nan ya daɗe da fara miƙewa. Wanda ba shi da rubutu ko kaɗan a ka, ka ɗauke shi a matsayin mafi rauni. Na kamfanonin Japan kuma sau da yawa lamba ɗaya tak ake buga musu, 4 ko 7 ko 9, mai 7 ɗin shi ne yake kusa da 8.8. Akwai nasu da ba su da lamba sai wata alamar kamfani, saboda an ƙera su ne don wuri ɗaya takamaimai, wannan ya sa ƙa'idar "babu rubutu, babu ƙarfi" ta fi shafar sabon bol na kasuwa, ba wanda ka kwance daga jikin babur da hannunka ba.

Abu na biyu da ya kamata mutum ya riƙe kafin ya fita sayayya shi ne girma, kuma a nan ne harshen gareji ke yaudarar mu. Bakanike zai ce a sayo "noti lamba 12" ko "lamba 14". Wannan lambar sufana ce, ba kaurin bol ba. Kusan duk baburan da ke yawo a titunanmu jikokin Japan ne. Yawancin 'yan China masu inji 125 an kwaikwayo su ne daga Honda CG125 da ta fito a 1975, Jincheng AX100 daga Suzuki take, Bajaj kuma ya daɗe yana aiki da Kawasaki kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa sufana biyar ke kwance kusan dukan babur: 8, 10, 12, 14, 17. A tsarin Japan, bol mai kaurin milimita 6 sufana 10 ke kama shi, ko 8 idan ƙaramin kai ne mai fiffike, wato mai washa a haɗe da kai. Mai kaurin 8 sufana 12. Mai kaurin 10 sufana 14. Mai kaurin 12 sufana 17. Tsarin Turai daban ne: kaurin 8 sufana 13, kaurin 10 sufana 17 ko 16, kaurin 12 sufana 19 ko 18. To ka ga, "lamba 17" a bakin mai babur bol ne mai kaurin 12, a bakin mai sayar da kayan Turai kuma mai kaurin 10 ne. Idan ka aika yaro da baki kawai, sa'a ce za ta kawo maka daidai.

Sai zare, wanda shi ne ya fi cin mutane. A kaurin 6 da 8 babu matsala sosai, tazarar zare, wato nisan da ke tsakanin haƙori da haƙori, milimita 1.0 ce da 1.25, kusan ko'ina haka take. A kaurin 10 ne rikici ke farawa: na babur yawanci siririn zare ne, 1.25, na kasuwa kuma mai gwaɓi ne, 1.5. A kaurin 12, na babur 1.25 ko 1.5, na kasuwa 1.75. Bol mai zare 1.5 zai shiga ramin 1.25 zagaye ɗaya ko biyu lafiya lau, sannan ya cije. Mai gaggawa sai ya ɗauko sufana ya ci gaba da murɗawa, yana ganin tsatsa ce ta riƙe. Abin da yake yi shi ne yanka sabon zare a kan tsohon, kuma idan ramin na alminiyam ne, kamar jikin inji, ya gama da shi. Haka ma bol na inci da masu kayan gini ke ajiyewa: 5/16 ya yi kama da milimita 8 har ido ba ya rabewa, amma zarensu bai zo ɗaya ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka haɗa tsohon da sabon gefe da gefe, haƙoran wannan su kwanta cikin na wancan, ka ɗaga su sama wajen haske. Idan haske na ratsawa ta tsakani, mayar masa da kayansa. Daga nan ka murɗa noti da yatsu kawai. Na daidai zai tafi har ƙarshe ba tare da an nemi sufana ba.

Yanzu ina za a sayo?

Mafi kusa shi ne shagon kayan babur na unguwa. Amfaninsa a fili yake: girma da zare na babur ne, mai shagon ya san abin da kake nufi da ka ce bol ɗin salansa ko na kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, kuma ana sayar maka da ɗaya ko biyu. Yawancin kayan nan daga China da Indiya suke, suna shigowa ta Legas, su bi ta manyan dilolin Nnewi da sauransu kafin su iso Arewa. Matsalar ita ce a leda ɗaya za ka samu mai kyau, a ta kusa da ita ka samu wanda kansa zai murje tun ɗaurin farko. Masu shago da kansu sun san haka, shi ya sa idan ka yi shiru suna miƙo maka mai araha, sai ka ce "akwai wanda ya fi shi?" sannan hannu ya tafi ƙasan kanta. Ga murfin gefe, madgad, lamba, fitila, murfin sarƙa da makamantansu, ni ban ga dalilin wuce shagon unguwa ba. Ko ya faɗi, asarar bol ɗaya ce da ɗan ƙara. Idan aka lissafa farashin kowane guda, a nan ne ya fi tsada a cikin masu araha, amma wanda zai sayi huɗu bai kamata ya ƙona mai zuwa babbar kasuwa ba.

Sai na kamfani, wanda ke zuwa a leda mai tambari da lambar kaya, a wajen dilan Bajaj ko TVS ko Honda. Shi ne mafi tsada, wani lokaci sai an jira, kuma an cika buga ledar bogi. Amma akwai wuraren da bol ɗin ba bol ba ne kawai, ƙira ce ta musamman: shaf ɗin taya, sandunan da ke riƙe silinda da tof, bol ɗin sifoket na baya, bol mai kafaɗa da ke riƙe sandar birki, notin kulochi, bol ɗin zubar da baƙin mai. Waɗannan ba su da madadi a tire ɗin mai sayar da notuna, domin tsawon wurin da ba zare, faɗin kafaɗa da taurin ƙarfen duk an auna su ne don wannan gurbin. A shekara sau nawa ma za ka saye su? Wanda ya yi tsimi a nan ya yi tsimin da ba riba.

Inda na fi samun abin da nake so, gaskiya, shi ne wajen na hannu. Tsohon babur na asali da aka farfasa, ko tarin notunan da masu sayar da kayan Beljiyam ke zubawa a bokiti, taska ce ga wanda ya san abin da yake nema. A Kano, Kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna a kayan mota da ƙarafa. A Kaduna akwai Panteka. Kowane babban gari kuma yana da 'yan gwangwan ɗinsa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne motocin Japan, irin su Toyota da Honda da Nissan, tsarin bol ɗinsu ɗaya ne da na baburanmu: kai 10, 12, 14, 17, siririn zare a kaurin 10, kuma yawancinsu masu fiffike ne, wato washa a haɗe da kai. Bol ɗin da ya fito daga injin tsohuwar Corolla ya fi sabon na leda sau da yawa, a ƙarfe da kuma a rufin da ke hana tsatsa. Na taɓa zama a kan benci gaban wani dattijo mai irin wannan bokiti, hannuna baƙi ƙirin da tsohon mai, ina tsinta ɗaya bayan ɗaya kusan rabin awa. Da na gama na ce, "Baba, nawa?" Ya ɗaga ledar ya jijjiga ya ji nauyinta, ya faɗi kuɗin da bai kai na bol shida a shago ba. A ciki akwai sama da talatin, har yau ina cin gajiyarsu.

Sai dai bokitin gauraye yake. Akwai na Peugeot da Golf a ciki, masu kai 13 da 17 da zare mai gwaɓi, har da wani ɗan Faransa mai kaurin milimita 7 da sufana 11 ke kamawa, wanda ba shi da gurbi a babur ɗinka ko kaɗan amma a ido sai ka rantse 6 ne ko 8. Don haka ba a zuwa hannu rabbana. Ka tafi da tsohon bol ɗinka, da noti ɗaya-ɗaya na kaurin 6, 8 da 10 da ka tabbatar na babur ne, ka riƙa gwadawa. Kuma na hannu yana da nasa ciwon da sabo ba shi da shi. Bol ɗin da aka taɓa ɗaurewa fiye da kima yana miƙewa. Za ka ga ya ɗan sirance a inda zare ya fara, noti kuma zai tafi sumul sannan ya cije a daidai wurin. Wannan ya mutu, ko da yana ƙyalli. Wanda tsatsa ta ci har ta yi ramuka a gindin zare, daga ramukan nan tsagewa ke farawa. Wanda ya lanƙwashe, mirgina shi a kan gilashi ko wani abu shimfiɗaɗɗe mai santsi, zai nuna kansa. Shaf ɗin taya na hannu kuwa sai an yi hattara biyu, domin baburan da ke ƙarewa a wajen 'yan gwangwan da yawa hatsari ne ya kai su, kuma gaban babur ne ke fara shan duka. Noti mai roba a ciki, wanda ke kulle kansa, shi ma kada ka saye shi na hannu, robar ta riga ta saki.

Na huɗu su ne masu sayar da notuna zalla, waɗanda ke hulɗa da masana'antu, masu injin niƙa, masu janareta da manyan motoci. Shagonsu durowa ce bisa durowa, kowane girma da gidansa. A nan ne za ka ce "ina son kaurin 8, tsawo 30, mai 8.8" a fahimce ka nan take, kuma idan ka sayi dozin ko kwali farashin kowane guda ya faɗi sosai. Ga bakanike, ko mai babura uku-huɗu da ya ba yara suna aiki, wannan ita ce hanya mafi arha da ba ta taɓa inganci. Ƙungiyar 'yan acaɓa ma za ta iya haɗa kuɗi ta sayi kwali ɗaya na kaurin 6 da ɗaya na 8 a raba. Illarsa biyu. Yawancin kayansu tsarin Turai ne, don haka za ka ƙare da kai 13 a babur ɗin da sufanarsa 12 ce, ranar da ka tsaya a daji da ɗan akwatin kayan aikin da ya zo da babur sai ka rasa abin kwancewa. A wasu lungunan ma babban kai ba ya barin sufana ta shiga. Na biyu, a kaurin 10 da 12 sai ka buɗe baki ka ce siririn zare kake so, in ba haka ba mai gwaɓi za a ba ka. Idan bol ne da ke ratsawa ya fito ta ɗaya gefen a ɗaure da noti, kamar na kariya ko matakin ƙafa, zaren ba ya da muhimmanci tunda bol da noti za ka saya tare. Idan kuma cikin jikin inji ko firam yake shiga, babu sassauci.

Lambar da ke kai fa, ana iya buga ta a kan kowane ƙarfe. Bol na gaskiya yakan zo da alamar wanda ya ƙera shi kusa da lambar, rubutun a tsaftace, zaren sumul ba tsaga-tsaga. Idan zan sayi da yawa, nakan sadaukar da ɗaya: a kama shi a bais, a sa noti a ɗaure sosai, ko a buga masa guduma ta gefe. Mai taushi nan da nan yake sunkuyawa, zarensa ya kwanta. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya hana ka gwadawa, in dai ka biya kuɗin wanda ka ɓata.

Shagon kayan gini kuwa, bol ɗinsa na ƙofa ne da gado da rufin kwano. Mai taushi ne, sau da yawa na inci ne, zarensa kuma tun daga kai har ƙasa, abin da ke sa haƙoran su riƙa cin ramin da suka ratsa duk lokacin da inji ya girgiza. Idan dare ya yi maka a hanya, ɗaura shi ka isa gida. Washegari ka cire.

Akwai kuma akwatunan da ake tallatawa a kasuwannin intanet, guda ɗari biyu ko uku a roba ɗaya, da waɗanda samari ke so, masu launi ja da shuɗi da ruwan gwal. Masu launin nan yawanci alminiyam ne, ado ne kawai, wurinsu murfi da gilashin gaba. Akwatunan kuma galibi sitenles ne, kuma a kan sitenles mutane ke yawan kuskure, suna ganin tunda ba ya tsatsa kuma ya fi tsada to ya fi ƙarfi. Wanda aka saba gani an rubuta masa A2-70. Yana fara miƙewa a ƙarfin da bai kai na 8.8 ba da tazara mai yawa, a kusan kashi bakwai cikin goma na abin da 8.8 ke jurewa. Yana kuma da halin cijewa: idan aka ɗaure shi a bushe da sauri, zarensa kan manne da na noti har sai an yanke. A cikin alminiyam, inda ruwa ke shiga, yakan sa alminiyam ɗin ya riƙa yin farin gari yana ruɓewa. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke da gishiri da laima, yana da amfani a madgad da murfi. A Kano ko Maraɗi, inda ƙura ta fi ruwa yawa, bol na ƙarfe mai rufin tutiya da ɗan giris a zare ya wadatar. A birki, sifoket, shokozoba da inji kuwa, ko kyauta aka ba ka sitenles ka ce na gode.

Wani zai ce to me ya hana a sa 12.9 ko'ina a huta? Saboda ramin da zai shiga ba 12.9 ba ne. Bol mai tauri a cikin alminiyam, idan hannu ya yi nauyi, ramin ne zai sheƙe, ba bol ba, kuma gara bol ya karye a sayi wani da a lalata jikin inji. Ga kusan duk aikin babur 8.8 ya isa, 10.9 kuma a wuraren da kamfani ya sa irinsa tun asali. Noti ma yana da daraja, 8 ko 10 a rubuce a fuskarsa. Bol mai ƙarfi da noti mai taushi aikin banza ne.

Da yawa daga notunan da muke asara ba rashin inganci ne ya kashe su ba, hannu ne. Ma'aunin da Honda ke bayarwa a littattafan gyaranta ga bol na gama-gari shi ne kusan 10 ga kaurin 6, 22 ga kaurin 8, 34 ga kaurin 10, 54 ga kaurin 12, a ma'aunin ɗauri na nyuton-mita. Goman nan na kaurin 6 daidai yake da nauyin kilo goma a bakin sufana mai tsawon santimita goma, wato ƙarfin wuyan hannu kawai. Yaron gareji da ya sa faif ya ninka wannan sau huɗu ko biyar bai ma sani ba. Shi ya sa murfin inji da bol ɗin baƙin mai suke yawan sheƙewa. Bol ɗin man kuwa ba ƙarfin ɗauri ke hana shi yoyo ba, washar alminiyam ko jan ƙarfe da ke ƙarƙashinsa ce, wadda ake so a canza idan ta baje. Washar ba ta da tsada, ramin kuma idan ya tafi sai an nemi mai taf ya yanka zare mafi girma ko a sa masa zaren waya na ciki.

Tsawo ma yana kisa. Ana auna bol daga ƙarƙashin kai zuwa ƙarshe, ban da kan. Bol-bol ɗin murfin inji ba tsawonsu ɗaya ba. Idan dogo ya shiga gurbin gajere, zai taɓa ƙasan ramin kafin ya matse murfi, mai ɗauri ya ƙara ƙarfi, jikin inji ya tsage ta ciki. Idan gajere ya shiga gurbin dogo, haƙora uku kawai ya kama, su kuma su zube. Dabarar tsofaffin bakanikai ita ce a zana murfin a kan kwali, a huda, a soka kowane bol a inda ya fito. Idan an riga an gauraya, zuba su duka a ramuka ba tare da murɗawa ba: idan kowa yana gidansa, tsayin da suka rage a waje zai zo kusan ɗaya.

Ƙananan sukuru na kafireto da makunnin hannu su ma suna da sirrinsu. Na tsarin Japan sukan zo da ɗan ɗigo a gefen gicciyen kai, kuma sukudireba ta kasuwa ba ta zama daram a cikinsu, tana zamewa ta murje kan. Idan sun riga sun lalace, maye su da masu ramin alanki, kaurin 4 ko 5 ko 6, daga wajen masu notuna zalla. A nan kam canji ya fi na asali.

Maganar kwancewa kuma, tunda ita ce ta fara kawo mu. Babur mai silinda ɗaya a kan hanyar burji ba ya barin noti ya zauna lafiya. Ba banza ba ake cewa notin kan wane ya kwance. Washa mai tsaga da kowa ke sa wa tana ɗan taimakawa, amma ba ita ce magani ba. Noti mai roba a ciki ya fi ta riƙo a kariya, madgad da matakin ƙafa, sai dai kada a kai shi salansa, zafi zai narkar da robar. A bakin salansa noti mai fiffike na ƙarfe zalla ake so, ko na tagulla idan an samu, domin ba ya mannewa da sandar zaren da yake hawa idan tsatsa ta zo. Inda kamfani ya sa noti mai tsaga da fin, kamar shaf da sandar da ke riƙe farantin birkin baya, a mayar da sabon fin, ba ƙusa ko guntun waya ba. Idan sandar nan ta kuɓuce, farantin birki na juyawa da taya ya naɗe sandar da ke jan birkin, tayar baya ta kulle kana cikin gudu. Akwai kuma gam ɗin zare irin na Loctite: shuɗin shi ne na babur, ɗigo ɗaya a zare mai tsabta, kuma sufana na kwance shi. Jan kuwa sai an gasa da wuta kafin ya saki, don haka ba na ƙaramin bol ba ne. Ƙaramar kwalba ɗaya ta shuɗin tana kai mutum shekara, ta kuma rage masa zuwa shago.

Madubi ma kada ya sha maka kai. Yawanci kaurin 10 ne mai zare 1.25, wasu ƙananan babura kaurin 8, amma a Yamaha na hannun dama zarensa na hagu ne, baibai ake ɗaure shi. An karya da yawa ana zaton tsatsa ce.

Yadda ni nake yi yanzu: ina da gwangwanin madara biyu. Ɗaya na tsince-tsincen da na yi daga bokitin Beljiyam, na wanke su da kananzir, na shafa musu mai. Daga nan nake ɗaukar na inji, matakin ƙafa, shokozoba da kariya. Ɗayan na sababbi ne masu 8.8, kaurin 6 da 8, tsawo 12, 16, 20, 25 da 30, tare da washa da notuna masu roba, da na saya dozin-dozin. Na murfi da lamba ina saya a unguwa idan sun faɗi. Shaf, sifoket, sandar birki da sandunan silinda kuwa ina zuwa wajen dila da tsohon a aljihu, in buɗe ledar a gabansa, in gwada kafin in biya. Ranar da zan kai babur gareji, gwangwanin na tafiya tare da ni, kuma duk bol ɗin da aka cire sai an miƙo mini shi a hannu.